Yadda zomaye suka tona wani asirin sankarar hanji

A farkon shekarun 1960, masana na fama da wata tambaya: shin ƙwayar halittar da ta rikiɗe ta zama sankara tana ɗauke da wata alama a bayanta da za ta bambanta ta da mai lafiya? In akwai, to gano cutar da wuri zai yi sauƙi.

A Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada, wani matashin likita, Phil Gold, da malaminsa Samuel Freedman suka ɗauki aikin. Sai suka samo ƙarin babban hanji da aka cire wa marasa lafiya a tiyata, tare da ɓangaren hanjin da lafiyarsa ƙalau daga jikin mutum guda. Suka yi wa zomaye allurar abin da suka tace daga ƙarin, jikin zomayen ya samar da sinadaran garkuwa. Daga nan suka cire duk sinadaran da ke kama lafiyayyen hanji. Waɗanda suka rage, ƙarin kawai suke kamawa.

A 1965 suka bayyana sakamakon, da wani abin mamaki: wannan furotin yana nan a hanji, hanta da saifar ciki mai samar da insulin na tayi ɗan wata biyu zuwa shida. Wato ƙwayar sankara ta koma yin abin da ta bari tun tana cikin mahaifa. Shi ya sa aka raɗa masa suna CEA, sunan da ya haɗa sankara da tayi. Shekara biyu kafin nan, Garri Abelev a Mosko ya ga makamancin haka a sankarar hantar ɓeraye.

A 1969 tawagar Gold ta fito da hanyar auna CEA a jini, ta gan shi a marasa lafiya 35 cikin 36 masu sankarar hanji. Murna ta tashi, aka ɗauka an samu gwajin tantance kowa.

Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Da aka faɗaɗa bincike, sai aka ga CEA na hauhawa a masu shan taba, masu ciwon hanta da masu kumburin hanji, alhali da yawa daga waɗanda cutar ke matakin farko gwajinsu na fitowa daidai. Har hanjin babba mai lafiya yana samar da shi kaɗan. A 1989 kuma, a McGill ɗin dai, aka nuna cewa yana taimaka wa ƙwayoyin halitta su manne da juna.

Yau babban amfaninsa shi ne bibiya. Bayan an cire ƙarin, CEA kan sauka. In ya sake tashi, likita zai nemi hoto don ganin ko cutar ta dawo. Don haka in kun ga jini a bayan gida, kada sakamakon CEA mai kyau ya kwantar muku da hankali. Duba cikin hanji da kyamara da gwada tsokar da aka gutsuro ne ke tabbatar da cutar.