Tarihin Neman Mai a Kwarin Tafkin Chadi

Tun daga shekarar 1956, lokacin da kamfanin Shell-BP ya dace da ɗanyen mai a Oloibiri, can cikin fadamun kogin Neja, har aka fara lodinsa zuwa ƙasashen waje a 1958, mutanen Arewa ba su gushe ba suna tambaya, a majalisun sarakuna da zaurukan malamai, ko Allah da Ya ajiye wannan taska a bakin teku bai ajiye irinta a ƙarƙashin rairayin Barno ba. Tambaya ce mai dalili, domin kuwa ƙasar da muke gani yau busasshiya, mai ƙaya da kaba, ta taɓa zama gindin teku. Kimanin shekara miliyan 100 da suka shuɗe, yayin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, ƙasa ta tsattsage, ta lotsa, ruwan gishiri ya malalo ta hanyar Binuwai, wani kuma ya gangaro daga arewa, har suka sadu a tsakiyar inda Sahara take yanzu. Wanda ke shakka, ya je ma'adinin siminti na Ashaka ya ɗauki dutse ya duba: zai ga ƙwanson dabbar teku a naɗe kamar gammo, da layukansa a jere, ya zama dutse sarai, alhali tsakaninsa da teku mafi kusa tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita.

Sai dai zaman teku a wuri bai isa hujjar samun mai ba, domin al'amarin yana da sharuɗɗa waɗanda in ɗaya ya faɗi, sauran ba su amfanar da kome. Na farko kuma mafi girma shi ne uwar man, watau laka mai duhu wadda ta kwanta a ruwa marar iska, inda ƙananan halittun ruwa suka mutu suka nutse ba tare da sun ruɓe ba; masana duwatsu kan auna abin da ya saura na waɗannan halittu a cikinta, in bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, ba su sa rai da ita. Sa'an nan dole ne wasu duwatsu su danne ta zuwa zurfin kilomita biyu ko huɗu, inda zafi ya kama daga digiri 60 zuwa wajen 150, ta daɗe a nan miliyoyin shekaru tana tsatsar da mai sannu a hankali, kamar yadda mace ke matsa tunkuza har man gyaɗa ya taso. In zafin ya gaza, laka ta zauna ɗanya. In ya wuce kima, man ya ƙone ya koma iskar gas. Bayan haka ana bukatar dutsen yashi mai ƙofofi da man zai shiga ya taru, da wani dutse marar ƙofa a samansa da zai hana shi tserewa, kuma wajibi ne wannan murfi ya riga man zuwa. A Kudu duk waɗannan sun cika, lakar Akata tana ƙasa, yashin Agbada yana bisanta.

Da wannan ilimi hukumar man fetur ta ƙasa, NNPC, ta shiga Barno a shekarun 1970, ta yi ta aune-aune da haƙa har zuwa lokacin da aka dakata a 2000, bayan rijiyoyi 23 waɗanda biyu daga cikinsu kaɗai, Wadi da Kinasar, suka nuna alamar gas, shi ma bai kai na ciniki ba. Jama'a da yawa sun ɗora laifin a kan siyasa da rashin niyya, kuma ban ce babu sakaci ko kaɗan ba. Amma adalci ya wajabta mu saurari shaidar dutsen kansa. Lakar Fika, wadda aka fi dogara da ita, a wurare da dama abin da ke cikinta kaɗan ne, kuma yawancinsa ragowar itatuwan tudu ne, irin da ke ba da gas. Ga kuma narkakken dutse da ya kutso daga ƙasa a zamunan baya, ya ƙara wa kwarin zafi fiye da bukata.

Abin da ya hana zukata haƙura shi ne labarin maƙwabta. A Nijar, a yankin Agadem da ke gabas da duwatsun Termit, tsagewar ƙasa ta yi zurfi ƙwarai, ta tara lakar teku mai kauri, daga baya tafkuna suka shimfiɗa wata a samanta, yashin Sokor ya karɓi man ya riƙe. Kamfanonin Amurka da Faransa sun ga man tun shekarun 1970 da 1980, amma nisan wurin daga teku ya sa suka bar shi kwance, har kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya karɓi aikin a 2008, aka buɗe matatar Damagaram a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, sa'an nan a 2024 man ya isa gaɓar Benin ta bututu mai kusan kilomita 2,000. Chadi kuwa ta fara sayar da man Doba tun 2003.

A 2017, bayan an koma kan binciken a Barno, an yi asarar da ba ta misaltuwa, yayin da 'yan Boko Haram suka yi wa ayarin masu binciken mai kwanton ɓauna kusa da Magumeri, cikin ayarin har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, mutanen da suka fita da guduma da littafi domin amfanin ƙasarsu. A lokacin nan hankali ya riga ya karkata zuwa kwarin Gongola, inda Shell ta sami gas kaɗan a Kolmani a 1999, NNPC ta haƙa rijiya ta biyu mai zurfi a kan iyakar Bauchi da Gombe, ta ba da sanarwar samun mai a 2019, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙaddamar da aikin a watan Nuwamba na 2022.