Fasahar Girke da Muryar Mai Aiki: Nazari Daga Ƙasar Badarawa

1. Ma'anar fasahar girke

Fasahar girke reshe ce ta fasahar zamani wadda mai yin ta ke tattaro kayayyaki ya girke su a ɗaki ko a fili bisa tsarin da ya zaɓa, ta yadda wurin da kayan za su haɗu su ba da ma'ana guda. Ta bambanta da zanen da ake ratayewa a bango, domin shiga cikinta mai kallo yake yi: ya zagaya, ya ji wari, ya ji sauti, wani lokaci har ya taɓa. Galibi ba ta daɗewa, da an gama nuni sai a kwashe. Masana kan danganta tushenta da ayyuka irin na Kurt Schwitters, wanda tun wajen 1923 ya riƙa cika ɗakunan gidansu da ke Hanoba ta Jamus da tarkacen da ya tsinto, amma sai a shekarun 1970 ta samu gindin zama a gidajen nune-nune.

Hujjar wannan maƙala ita ce, a cikin nau'o'in fasahar da ake gani da ido, girke ya fi dacewa da bayyana abin da mai aiki ke ji game da aikinsa, kuma mutanen ƙasar Badarawa da kewayenta, wato Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, sun daɗe da sanin ƙa'idojinsa. Abin da al'adarsu ta saba nunawa da shi alfahari ne da yalwa. Abin da zamani ke nema a ƙara shi ne gajiya da hasara da fargaba.

2. Dalilin da ya sa girke ya dace da zancen aiki

Kayan aiki suna ɗauke da tarihin jikin mai su. Ƙotar fartanyar da ta yi damina biyar takan yi sulɓi da duhu daidai inda tafin hannu ke kamawa, ruwanta ya cinye ta gefen da manomin ya fi karkata. Mai zane zai iya zana manomi yana gumi, amma abin da ya zana ra'ayinsa ne game da manomin. Mai girke kuwa shaidar kanta yake ajiyewa a gaban jama'a. Wannan ne ya sa waɗanda aiki ya dame su suka rungumi salon.

A 1969, Mierle Laderman Ukeles ta birnin New York a Amurka, bayan ta haihu ta ga shara da wanki da reno sun cinye lokacinta, ta rubuta sanarwar da ta ce aikin kula da gida da gari shi ma fasaha ne. Tsakanin 1979 da 1980 ta bi ma'aikatan kwashe shara na birnin, kimanin mutum 8,500, ta gaisa da kowanensu hannu da hannu tana gode masa. A birnin dai, Tehching Hsieh, ɗan asalin Taiwan, ya girke agogon da ma'aikatan masana'anta ke buga kati a jikinsa, ya riƙa buga katin kowace awa, dare da rana, daga Afrilun 1980 zuwa Afrilun 1981, yana ɗaukar hoton kansa kowane bugu. Ya aske kansa a ranar farko, saboda haka tsawon gashinsa a jerin hotunan ya zama ma'aunin rayuwar da agogon ya ci. Ayyukan nan biyu sun haɗa girke da aikatawa, kuma kowanensu ya taso ne daga damuwar mai yin sa: ita raini ya dame ta, shi kuma yadda lokaci ke tafiya a hidimar da ba ta ƙarewa.

3. Buhu da jarka a Afirka ta Yamma

Misalan da suka fi kusa da mai karatu Bahaushe suna nan maƙwabta. Ibrahim Mahama, wanda aka haifa a Tamale ta arewacin Ghana a 1987, ya yi suna da buhunan algarara. Ana saƙa buhunan a Indiya da Bangaladash, a shigo da su don zuba koko, daga nan su faɗa hannun 'yan kasuwa a zuba masara da shinkafa, a ƙarshe su ƙare a gawayi. Mahama kan karɓi tsofaffin ya ba da sababbi, a ɗinke su su zama ƙaton mayafi da ake lulluɓe gine-gine da shi, kamar yadda ya yi a babban baje-kolin fasaha na Venice ta Italiya a 2015. Wanda ya matso kusa zai ga faci kan faci, da sunayen fatake da aka rubuta da tawada, da baƙin gawayi, da huji inda ƙugiyar ɗan dako ta shiga. A 2019, a Manchester ta Ingila, ya jera tsofaffin kujerun jirgin ƙasan Ghana 120 a siffar zauren majalisa, tare da takardun ma'aikatan reluwe, don tuna waɗanda suka yi wa ƙasa bauta aka manta da su.

A Jamhuriyar Benin, Romuald Hazoumè ya ɗauki jarkokin da matasa ke safarar fetur da su daga Nijeriya a kan babura, waɗanda ake gasawa da wuta su kumbura don su ƙara cin mai. Ya jera 304 daga cikinsu a siffar jirgin ruwan jigilar bayi, aikin da gidan tarihin Birtaniya ya mallaka. Saƙonsa a fili yake: talauci na tura mutum sana'ar da yake ɗauke da ajalinsa a bayansa. Buhu da jarka kuwa babu kasuwar ƙauye a Zamfara da ba a san su ba.

4. Jere da dubu da dala

Bahaushe ya san isar da saƙo ta hanyar tara kaya da tsara su tun kafin a buɗe gidan nuni ko ɗaya a Nijeriya. Misali na farko shi ne jeren ɗakin amarya. Gwaggwanni da ƙawayen uwa ke zuwa su yi shi, kuma yana da ƙa'ida: babba a ƙasa, ƙarami a sama, launi ya bi launi, a bar abin da ya fi daraja inda idon mai shigowa zai fara sauka. Kayan sun sauya da zamani, daga ƙorai da akusa zuwa tasoshi, zuwa kwalla da samira, zuwa tangaran a cikin kabad, amma ƙa'idar ba ta sauya ba. Yawancin kayan ba don girki aka saye su ba, ajiya ce da shaida. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta Katsina a shekarun 1960, ta nuna girman cinikin da mata ke yi daga cikin gida, Enid Schildkrout kuma ta nuna a Kano a shekarun 1970 yadda ribar tallar 'yan mata ke tafiya wajen tara kayan ɗaki. Duk macen da ta shiga ganin ɗaki ta iya karanta shi: ta san yawan ƙuli-ƙulin da aka soya, da furar da aka kirɓa, da adashin da aka zuba kafin bangon nan ya cika. Jere shi ne wurin da aikin da ba a gani a waje yake fitowa fili.

Misali na biyu daga gona yake. Guy Nicolas ya bayyana bikin dubu a ƙasar Maradi, inda manomin da ya noma dami dubu yake tara jama'a, ya nuna abin da ya samu, ya rarraba, ya cancanci sarautar noma. Tarin damman shi ne hujjarsa, rabon kuma shi ne cikar darajarsa.

Na uku shi ne dalar gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau kuma ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, ya mayar da garin matattarar gyaɗa da audugar arewacin Zamfara. Dalar Kano, wadda ake dangantawa da Alhasan Ɗantata, ta samo asali ne daga larura, domin jirgi ba ya iya kwashe amfanin da sauri, sai aka riƙa gina buhunan, kimanin 15,000 a kowace dala. Daga baya ta zama tambarin arzikin Arewa, har fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 da zuwan kuɗin fetur suka kawar da ita. Sai dai dala ta nuna ƙarfin attajiri da na hukuma ne. 'Yan dakon da suka hau da buhu a ka har ƙololuwa ba a ajiye sunayensu ba.

Nan ne iyakar gadon. Jere da dubu da dala duk nasara suke shela. Ɓangaren wahala an bar wa baki da kiɗa: waƙoƙin niƙa da daɓe na mata, da kiɗan noma, wanda yankin nan ya fitar da gwanayensa irin su Amali Sububu. Ido bai samu nasa rabon na kukan ba.

5. Halin aiki a ƙasar Badarawa

Badarawa gunduma ce a ƙaramar hukumar Shinkafi, a yankin da gulaben Gagare da Bunsuru ke shayar da fadamu kafin su zama gulbin Rima. Noma da kiwo da fatauci su ne rayuwar mutanenta. Fiye da shekara goma ke nan ta'addancin 'yan bindiga ya sauya ma'anar aiki a wannan yanki. A ƙauyuka da yawa manomi ba ya shuka ko girbi sai an biya harajin da 'yan bindiga suka ɗora, wasu an tilasta musu noma gonakin waɗanda suka kore su, wasu sun bar garuruwansu sun koma cin rani na dole. A Satumban 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a Zamfara, ta dakatar da kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, matakan da aka ɗauka don tsaro amma suka tsayar da sana'ar dubban talakawa. Kafin wannan, a 2010, gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje da turame da injinan da ake niƙa hatsi.

Irin wannan hali yana da wuyar faɗa. Kunya da dauriya suna hana magidanci cewa ya kasa ciyar da gidansa, tsoro kuma yana hana ambaton suna. Girke yana ba da mafita domin kaya ke magana, mai su bai buɗe baki ba. Galmuna arba'in da aka jingine a bango, kowace da sunan ƙauyen da aka baro, sun isa bayani. Haka rumbun da aka buɗe ba komai ciki, ko igiyoyin ɗaure shanu a turakun da ba shanu, ko tiya da mudu a kife a kan buhun da aka shimfiɗa. Mutumin da ya saba karanta jeren ɗaki ba ya buƙatar tafinta kafin ya karanta waɗannan.

Akwai kuma dacewa ta fuskar addini. Mafi yawan malamai sun hana sassaƙa siffar abu mai rai, shi ya sa adon Hausa ya karkata ga dagi da zanen bango da zayyanar allo da aikin wuyan riga. Girke na iya yin zancen mutum ba tare da an ƙera surarsa ba, don haka yana iya shiga inda gunki ba zai shiga ba.

6. Suka da sharuɗɗa

Suka ta farko ita ce, mai jin yunwa ba kallo yake nema ba. Gaskiya ne girke ba ya cika rumbu. Amma al'ummar da ba ta ajiye shaidar abin da ya same ta ba, wasu ne za su ba da labarinta yadda suka ga dama, kuma alƙaluman rahoto ba sa nuna abin da rasa gona ke yi wa zuciya.

Suka ta biyu ta fi nauyi: kada a yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manyan ayyukan girke hannaye da yawa ke yin su. El Anatsui, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, da mataimaka masu yawa yake ɗinke murafen kwalabe su zama manyan mayafai, kuma 'ya'yan fure na tangaran miliyan 100 da Ai Weiwei ya shimfiɗa a Landan a 2010 masu sana'a kimanin 1,600 suka yi su a ƙasar Sin. Suna da riba kuwa kan tafi ga mutum ɗaya. Mahama ya amsa wannan suka ta hanyar mayar da abin da ya samu gida, inda ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, yara 'yan makaranta na shiga kyauta. Sharaɗin da ya wajaba shi ne a nemi yardar mai kaya, a biya shi, a sa shi cikin shawarar yadda za a jera, a ambaci sunansa idan ya so, a sakaya idan ambaton zai jefa shi cikin haɗari.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne wuri. Aikin da aka yi da galmar mutanen Zurmi, idan a Legas ko Landan kaɗai aka nuna shi, ya zama kayan fitarwa kamar gyaɗar da. Wuraren da suka dace suna nan kusa: harabar makaranta, rumfar kasuwa, tsohuwar tashar jirgin Ƙaura, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 1983. Ta fuskar horo, Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana da gadon ƙungiyar ɗaliban Zariya ta 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka dage a kan haɗa dabarun zamani da fasahar gida. Ɗaliban da suka fito daga Zamfara za su iya ɗora wannan manufa a kan jere, su yi aiki tare da matan da suka gwanance da shi da manoman da suka mallaki kayan, a nuna sakamakon a garuruwan da abin ya shafa kafin a kai shi ko'ina.