Yadda Ɓera Ya Zama Shaida a Kan Ƙarin Jijiyar Kunne

Akwai wani ƙari da yakan tsiro a kan jijiyar da ta haɗa cikin kunne da ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ba sa lissafa shi cikin ciwon daji domin ba ya yaɗuwa zuwa sauran gaɓoɓi, amma da yake mazauninsa ƙuntatacce ne a cikin ƙoƙon kai, sannu a hankali yakan danne jijiyar har mai shi ya kurumce, jiri ya addabe shi, wani lokaci ma ya kai ga halaka. Asalinsa daga ƙwayoyin da suke lulluɓe jijiya ne, waɗanda masanin nan Bajamushe, Theodor Schwann, ya siffanta su a 1839.

An daɗe ba abin da likita yake da shi sai wuƙa. Harvey Cushing na Amurka ya wallafa littafi a kan fiɗar wannan ƙari a 1917, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1960 Lars Leksell na Suwidin ya fara ƙona shi da haske ba tare da an buɗe kai ba. Sai dai ga waɗanda suka gaji cutar da ake kira NF2, wadda takan tsirar da ƙarin a kunnuwa biyu gaba ɗaya, kowace hanya cikin biyun nan tana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage musu, kuma hakika wannan musiba ita ce ta sa malaman bincike suka matsa wajen neman magani na sha.

Ƙofa ta buɗe a 1993, sa'ad da aka gano ƙwayar gadon da lalacewarta ke haddasa ƙarin. Da aka lalata ta a jikin ɓeraye, sai waɗanda suka rasa ta ɗungurungum suka mutu tun suna ciki, waɗanda suka rasa rabi kuwa suka kamu da wasu cututtuka dabam, ba wadda ake nema ba. Sai a 2000 Marco Giovannini da abokan aikinsa suka yi hikimar kashe ta a cikin ƙwayoyin Schwann kaɗai, ƙarin ya fito, daga bisani kuma a Indiyana aka samu ɓerayen da suke kurumcewa kamar yadda mutum yake yi. Daga nan ne ya yiwu a ɗauko magungunan da aka riga aka san sharrinsu da alherinsu a jarraba, alhali ƙirƙiro sabo yakan ci shekaru da dukiya mai yawa.

Asfirin ne ya fi jan hankali, domin a 2014 likitocin Boston sun duba takardun majinyatansu, suka ga kamar ƙarin masu shansa ba ya saurin girma. Amma nazarin wasu asibitoci bai gaskata haka ba, kuma da aka ba ɓeraye celecoxib, wani maganin kumburi, bai hana ƙarin fitowa ba, bai kuma tsare musu ji ba. A ganina wannan shaida tana da daraja ƙwarai, gama ta hana a ɗora wa bayin Allah fata marar hujja. A 2021 kuwa an ba da rahoton cewa losartan, maganin hawan jini da ake sayarwa har a kemis-kemis ɗin Kano, ya kare jin ɓerayen, ya kuma ƙarfafa aikin haske a kan ƙarin, ko da yake ƙiyasin mutum a kan ɓera ba ya wadatarwa sai an tabbatar a jikin majinyata. Brigatinib, maganin ciwon dajin huhu, ya bi wannan tafarki daga ɓera zuwa mutum, aka buga sakamakonsa a 2024, inda ƙarin wasu daga cikin majinyatan ya ragu, wasu kuma jinsu ya ƙaru.