Hoton Jiragen Fotugis da Allon da Ke Ɗauke da Shi

Jama'ar Jaradiya, a gidan ajiye kayan tarihin teku na Girinic, a birnin Landan, akwai wani tsohon hoto wanda ya kamata mu san labarinsa. Da fentin mai aka zana shi a kan allon katako, wajen shekarar 1540. Manyan jiragen ruwa ne na Turawan Fotugal, sun baza filafilai kusa da wani gaɓa mai duwatsu. Masu gidan suna danganta aikin ga mutanen Joachim Patinir, wani gwanin zane na Antuwaf, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam.

To, ina ruwanmu da shi? Ai irin waɗannan jirage ne suka shigo Bahar Maliya a 1517, Lopo Soares yana jagabansu, suka tasam ma Jidda, ƙofar Makka. Allah Ya sa tun wajen 1509 Husaini Alkurdi ya kewaye garin da ganuwa bisa umurnin Sarkin Masar Ƙansuh Alguri. Salman Ra'is ya tare su da igwa, suka juya ba su sauka ba. A 1541 suka komo, suka washe Sawakin. Watau tashoshin nan biyu da kakanninmu suka ratsa daga baya, cikin kwale-kwale, da sanda da gora, sun ga wannan masifa. Ganuwar kuwa ta tsaya har 1947, sa'an nan aka rushe ta.

Amma abin da ya fi ba mu mamaki shi ne katakon. Masu zanen wannan yanki a zamanin nan sukan yi aiki da itacen ballut, wanda ake sarowa daga dazuzzukan Folan da kewaye. Itacen nan kowace shekara yakan ƙara zobe guda a cikinsa, mai faɗi in an sami damina, siriri in an yi fari. Masana sukan auna zoben a gefen allo, su gwada da na waɗansu itatuwa da aka san shekarunsu. Da haka sukan gane lokacin da itacen yake tsaye, da dajin da ya fito. Mai ha'inci yana iya kwaikwayon hannun gwani, ya sa sunansa, amma in allon ya nuna an sare itacen bayan mutuwar gwanin, magana ta ƙare.

Mu ma muna da irin waɗannan shaidu a gidajenmu: allon karatun kaka da ya yi baƙi, akwatin katako da aka ƙetaro teku da shi, da takardar tafiya mai hatimi. Sau nawa muka ga an zubar da su ran ƙaura, wai tarkace ne? Kada mu kankare, kada mu shafa musu sabon fenti. A nisanta su da laima da zafin rana, a rubuta sunan mai su da garin da ya baro, tun dattawan da suka sani suna da rai.

Allah Ya jiƙan magabata, amin.