Ruwan PK5 a Bangui: rijiyoyi, fadamu da ƙoƙarin mazauna unguwa na kare su

PK5, ko KM5, ita ce babbar unguwar kasuwanci a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma nan ne akasarin Musulmin birnin suke zaune. Tana cikin gunduma ta uku. Sunanta ya fito ne daga nisan kilomita 5 da ke tsakaninta da tsakiyar gari, wato PK0 da ke kusa da bakin kogin Ubangi. Tun zamanin mulkin mallakar Faransa fatake suka fara zama a wurin: Hausawa, Barebari, Fulani, Larabawan Cadi, da mutanen Senegal da Mali. Har yau sunayen wasu sassan unguwar, irin su Sénégalais da Camerounais, suna nuna asalin waɗanda suka fara kafa su.

Bangui gari ne mai yawan ruwa. Damina takan ɗauki kusan wata 8, ruwan da ke sauka a shekara yana kaiwa kimanin milimita 1,500, ga kuma babban kogi a ƙofar gari. Duk da haka ruwan sha mai tsabta yana cikin abubuwan da suka fi wahalar da magidanta a PK5. Ruwan yana nan kusa, amma kusancin nasa shi ne ya sa yake saurin gurɓacewa.

Yanayin ƙasar

An kafa Bangui a 1889 a gindin tsaunukan da ke kallon kogin Ubangi, daura da garin Zongo na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Da gari ya bunƙasa, sai ya miƙe yamma da arewa, cikin wani shimfiɗaɗɗen fili mai ƙasa-ƙasa wanda a da fadamu da ƙoramu suka cika shi. PK5 da maƙwabtanta suna cikin wannan fili.

Ƙananan rafuka ne ke kwashe ruwan saman birnin zuwa kogin Ubangi da kogin Mpoko. Daga cikinsu akwai Ngoubagara, Ngongonon, Guitangola da Kokoro, wadda wata unguwa ta gunduma ta uku take amsa sunanta. A harshen Sango, ngu na nufin ruwa, bagara kuma saniya. An gyara sassan wasu rafukan an mai da su manyan magudanai, amma da yake filin ba shi da gangare sosai, ruwa ba ya gudu da sauri. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya kwanta a kwaruruka da ramukan da aka haƙa don buga tubalin laka, ya zama kududdufai.

Masanin labarin ƙasa Cyriaque-Rufin Nguimalet na Jami'ar Bangui ya yi nazarin digirinsa na uku kan yadda ruwa ke zagayawa a birnin da yadda ake tafiyar da shi. Abin da irin wannan nazari ya fito da shi shi ne, fadamun Bangui suna riƙe rarar ruwan sama su sake shi a hankali. Duk fadamar da aka cike aka gina gida a kai, ruwan da take riƙewa sai ya nemi wata hanya, kuma sau da yawa hanyar ita ce tsakar gidan maƙwabci.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa hawa biyu ne

Binciken da masana na Jami'ar Bangui suka yi tare da takwarorinsu na Faransa, wanda Chantal Djebebe-Ndjiguim ta jagoranci wallafa shi a 2013, ya bayyana cewa ruwan ƙarƙashin birnin hawa biyu ne.

Na sama yana cikin jar ƙasa da yashi da laka, 'yan mitoci kaɗan daga doron ƙasa. Shi ne rijiyoyin gida ke tararwa. Ruwan sama ne ke cika shi kai tsaye, shi ya sa yake hauhawa da damina har ya kusa bakin rijiya, ya kuma ja baya da rani. Duk abin da aka zubar a ƙasa yana iya kaiwa gare shi.

Na ƙasa yana cikin tsagogin wani tsohon dutse mai farar ƙasa, a zurfin da sai injin haƙa burtsatse yake kaiwa. Ruwansa ya fi tsabta ƙwarai, kuma masu binciken sun ga zai iya zama madogara ga birnin ban da kogi. Sai dai kariyarsa ta dogara ne ga shimfiɗar da ta raba shi da na sama. Rijiyar burtsatse da aka haƙa ba a toshe gefen bututunta da siminti yadda ya kamata ba tana iya zama hanyar da dattin sama zai bi ya gangara.

Inda mutane ke samun ruwa

Kamfanin SODECA ne ke da alhakin ruwan famfo a birnin. Yana jawo ruwa daga Ubangi, ya tace, ya tura ta bututu. Gidajen da aka ja wa famfo kaɗan ne, saboda haka yawancin jama'a sun dogara ga famfunan haya na bakin titi, inda ake sayar da ruwa a jarka mai lita 20, da kuma 'yan garuwa masu turin kura. Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da kogi ya ja baya yashi ya fito, jawo ruwan yakan yi wuya. Injinan kuma suna aiki ne da lantarkin kamfanin ENERCA da ake kawowa daga madatsar Boali, don haka ɗaukewar wuta takan zama ɗaukewar ruwa.

Wannan ne ya sa rijiyar tsakar gida ba ta rasa muhimmanci ba. Iyalai da dama sun raba amfani gida biyu: ruwan famfo ko na burtsatse don sha da girki, ruwan rijiya don wanka, wanki da alwala. Amma ranar da famfo ya ƙafe, ko kuɗin jarka ya tashi, wannan rabo yakan rushe, a sha abin da ke akwai.

Abubuwan da ke gurɓata ruwan

Babban abin da ke ɓata rijiyoyin Bangui shi ne masai. Birnin ba shi da tsarin bututun kwashe bahaya da ya game unguwanni, kusan kowane gida ramin masai yake haƙawa. A unguwa mai cunkoso kamar PK5, inda filaye ƙanana ne, rijiyar wani takan kasance taku kaɗan daga masan maƙwabcinsa, katanga ce kawai a tsakani. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa. Da damina, idan ruwan ƙasa ya hau, ramin da ruwan rijiyar sukan haɗu.

Alamar wannan haɗuwa ita ce ƙwayoyin cutar da ke cikin bahaya da kuma sinadarin nitrat, wanda binciken ya samu da yawa a ruwan sama-sama na birnin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar nitrat a miligiram 50 cikin kowace lita, musamman don kare jarirai. Ruwa yana iya zama garau a ido, ba wari ba ɗanɗano, alhali ya wuce wannan iyaka. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire nitrat.

Sai shara. Kasuwar KM5 tana fitar da leda da ɓawo da tarkace masu yawa a kullum, kuma abin da ba a kwashe ba yakan ƙare a magudanai. Ga baƙin man gareji, ga ruwan wanki da na mahauta. Magudanar da ta toshe tana mai da ruwa cikin gidaje, kududdufin da ya zama juji kuma yana tsiyayar da dattinsa cikin ƙasa, ban da sauron da yake haifarwa.

Tabon rikici

Rikicin da ya biyo bayan kama Bangui da 'yan Seleka suka yi ranar 24 ga Maris 2013, da harin 'yan anti-balaka na 5 ga Disamba na wannan shekara, ya taɓa ruwa kamar yadda ya taɓa komai. Dubban Musulmi sun tsere zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka takure a PK5, fita daga unguwar ta zama kasada. Unguwannin da ke kewaye, irin su Fondo da Boulata, sun zama kufai, kuma sansanin da ke filin jirgin saman M'Poko ya tara mutane har kimanin 100,000 a lokacin da abin ya fi tsanani.

Da aka rufe sansanin a farkon 2017 jama'a suka koma gidajensu, sai suka tarar da rijiyoyi cike da tarkace, wasu ma an jefa gawarwaki a ciki. Aikin fitar da su ya faɗa wa 'yan sa-kai na ƙungiyar Croix-Rouge ta ƙasar da abokan aikinsu. Wasu rijiyoyin an yashe su an zuba musu magani, wasu kuma an rufe su har abada, domin ko da an tsabtace, ba mai iya kai ruwansu baki.

Annoba da ambaliya ma sun bar darasi. A watan Agustan 2016 hukumomi suka sanar da ɓarkewar kwalara a garuruwan bakin Ubangi, ta kuma iso Bangui. A watan Oktoban 2019 kogin ya cika ya tumbatsa, ya raba dubban mutane da gidajensu a unguwannin bakin ruwa da Bimbo, ya haɗe masai da rijiyoyi.

Abin da mazauna ke yi

Ƙoƙarin jama'a ya kasu kashi huɗu.

Na farko shi ne kwamitocin kula da wuraren ɗiban ruwa. Idan aka haƙa burtsatse, akan zaɓi mutanen unguwa, har da mata, su riƙa karɓar ɗan kuɗi a kan kowace jarka, su ajiye don gyara, su hana wanki da kiwo kusa da famfo. Ƙarfin wannan tsari yana ga amana: inda asusun yake a bayyane famfo yakan daɗe, inda aka rasa bayani kuwa, lalacewar farko ce ta ƙarshe.

Na biyu shi ne gyaran rijiyar gida. Ana ɗaga bakinta da siminti, a yi mata daɓe mai gangarawa waje, a sa murfi, a rataye guga da igiya maimakon a bar su a ƙasa. Ana kuma sa ruwan jabel ko ƙwayar Aquatabs a ruwan sha, a adana shi cikin jarka mai murfi. Waɗannan ba sa hana abin da ke tsiyayowa daga masai, amma suna rage dattin da ke shiga ta sama.

Na uku shi ne yashe magudanai kafin damina. Masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa da 'yan kasuwa sukan yi gayya, kuma tun bayan rikici aka faɗaɗa aikin ta hanyar shirin THIMO, wanda ke ɗaukar mutane da yawa aikin hannu a biya su. Shirin PRESU, wanda hukumar raya ƙasashe ta Faransa AFD da asusun Bêkou na Tarayyar Turai suka tallafa wa, ya yi aiki a gundumomi na uku da na biyar. An shirya shi ne yadda matasan PK5 da na unguwannin Kiristoci da ke maƙwabtaka za su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, domin magudana ɗaya ce ta ratsa su duka. Gwamnati ma tana da nata gangamin tsabtace gari mai suna Kwa ti Kodro a harshen Sango.

Na huɗu shi ne ruwan sadaka. Masallatai suna buƙatar ruwan alwala sau 5 a rana, kuma haƙa rijiya sadaka ce mai gudana a wurin Musulmi, tun daga rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina ya bar wa jama'a. Burtsatsen masallaci ko na wani attajiri yakan shayar da layi guda, ba tare da an tambayi addinin mai jarka ba.

A ɓangaren hukuma, dokar ruwa ta 12 ga Afrilu 2006 ita ce ginshiƙi. Ƙungiyoyi irin su ICRC da UNICEF sun taimaka wajen gyaran bututun SODECA da samar da wuraren ɗiban ruwa.

Inda ƙoƙarin ya tsaya

Akwai abin da gayya ba ta iya yi. Kwamitin unguwa ba zai iya nisanta masai da rijiya a filin da bai kai faɗin haka ba, ba zai iya hana a cike fadama ba idan mai ginin yana riƙe da takarda, kuma sharar da aka fitar daga magudana takan koma ciki da ruwan farko idan babu motar da za ta kwashe ta. Gwajin ruwa a kai a kai, sa ido kan masu haƙa burtsatse, da wurin zubar da abin da aka kwashe daga masai, duk aikin hukuma ne.

Hausawan wasu garuruwa sun san wannan matsala da wata fuska. A Kano an cike kududdufai da dama na cikin birni an yi gini a kansu, ambaliya ta ƙaru a unguwannin da ke kewaye. A Damagaram tafkunan cikin gari suna fama da shara. A zangon Kwatano, inda ƙasar yashi ce ta bakin teku, ruwa yana kusa ƙwarai, kuma ban da masai akwai barazanar gishirin teku idan aka zuƙi ruwan fiye da kima. A Bangui babu gishiri, kuma ruwan zurfi yana da kyau har yanzu. Ko zai ci gaba da zama haka ya danganta ne ga yadda ake haƙa kowace burtsatse, da abin da ake zubarwa a ƙasan da ke samanta.