Babban Gwani a Wasan Ces: Tarihin Laƙabin da Bai Iso Ƙasarmu Ba

A nan Dogarawa, daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza da Illela, ba a rasa dattawan da ke haƙa gurabe talatin a ƙasa su zauna wasan dara, kowa da 'ya'yansa 12. Kowace unguwa ta san gwaninta, amma sunansa ba ya wuce bakin kasuwa, don ba wanda ke rubuta sakamako. Shi kuwa wasan ces, wanda wasu ke kira darar Turawa, ya daɗe da samun ma'aunin gwaninta. Tarihin wannan ma'auni nake so mu duba tare, ni da ku malamai da iyaye.

Ba Turawa ne suka fara jera gwanaye daraja-daraja ba. Wasan ya taso daga Indiya, ya bi ta Farisa, ya shiga hannun Larabawa da sunan shaɗaranj. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa an kasa 'yan wasa aji biyar, na ƙoli ana ce musu aliyat. Al-Adli, wanda ya rubuta littafi a kan wasan a ƙarni na 9, yana cikinsu, haka ma As-Suli da ya zo bayansa. Wanda ya fi ka aji sai ya cire wasu 'ya'yansa kafin ku fara, kuma yawan abin da ya sassauta maka shi ke nuna matsayinka.

Tsarin da ake bi yau na hukumar FIDE ne, wadda aka kafa a Paris a 1924. A 1950 ta fara ba da laƙabin Grandmaster a hukumance, ga mutum 27. Da Hausa zan ce Babban Gwani, laƙabin da muka san maginin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da shi. Ya bambanta da kambun duniya. Kambu kamar takobin kokawa ne da ake nema a Nijar tun 1975: mutum ɗaya ke riƙe da shi, baɗi a iya ƙwace masa. Laƙabin Babban Gwani kuwa na tsawon rai ne, sai fa in an kama mutum da maguɗi.

Hawa ake yi mataki-mataki bisa maki. Akwai matakin 2200, da na 2300, sai Gwanin Ƙasa da Ƙasa a 2400, sannan Babban Gwani a 2500. Makin kaɗai ba ya isa. Galibi sai ɗan wasa ya yi zarra a gasa uku, jimillar wasanni 27 aƙalla, inda ya kara da manyan gwanaye da kuma 'yan wasu ƙasashe. Nan ne gizo ke saƙar. Yaron da ke ƙasar da babu irin wannan gasa, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa, sai ya nemi biza da kuɗin jirgi da masauki kafin ma a auna shi.

Shi ya sa Afirka ta makara. Slim Bouaziz na Tunisiya ne ya buɗe ƙofa a 1993. Amon Simutowe na Zambiya ya samu nasa a 2009, bayan shekarun yawon gasa a ƙetare. Bassem Amin na Masar, likita ne, ya kai maki 2700 a 2017. Najeriya tana da Gwanayen Ƙasa da Ƙasa irin su Odion Aikhoje, wanda ya ciyo lambar zinariya a gasar ƙasashe ta 1998, amma har zuwa 2024 ba ta da Babban Gwani ko ɗaya, haka ma Nijar.

Ba rashin basira ba ne. Tanitoluwa Adewumi ya bar Najeriya da iyayensa a 2017 saboda barazanar Boko Haram. A makarantar firamare a New York ya koyi ces, ya lashe gasar yara ta jihar a 2019 yana ɗan shekara 8, lokacin suna kwana a gidan marasa matsuguni. Malami da kulob da gasa ya samu. Indiya ma ba ta da Babban Gwani kafin Viswanathan Anand a 1988. Yau tana da fiye da 80, kuma ɗanta Gukesh ya zama zakaran duniya a 2024 yana da shekara 18. Mata ma ba a bar su a baya ba: Judit Polgar ta Hungari ta samu laƙabin a 1991 tana 'yar shekara 15.

Ba na cewa kowane yaro zai zama Babban Gwani. Abin da nake gani a tarihin nan shi ne, gwaninta ba ta zama laƙabi sai da mai koyarwa, da gasa a kai a kai, da rubutaccen sakamako. Waɗannan ukun suna hannunmu. Allon ces gida 64 ne, ana iya zana shi a kwali, a yi 'ya'yansa da marafen kwalba. Malami ɗaya da littafin rubuta maki sun isa a fara gasa tsakanin azuzuwa, daga baya tsakanin makarantun Ƙonni da Malbaza da Illela. A sa darar gida a ciki, a gayyaci gwanayen unguwa su koyar, a rubuta sunayensu su ma. Iyaye kuma, in kun ga yaro ko yarinya sun duƙufa a kan allo bayan an gama aikin gida, ku bar su su ƙarasa wasan.