Likita Dikko da Asalin Jam'iyyar Mutanen Arewa

Duk wanda ya taɓa raka majinyaci daga nan Galma zuwa asibitin Galmi, wanda ƴan mishan suka buɗe a 1950, ya ga yadda talaka ke miƙa wa likita hannu a duba, yana faɗa masa abin da ba ya faɗa wa hakimi, to ba zai yi mamakin cewa likita ne ya fara shugabantar ƙungiyar da ta zama jam'iyya mafi girma a Arewacin Najeriya ba.

An haifi Russell Barau Dikko a ƙasar Zazzau a 1912, ya tashi a hannun mishan ɗin da Likita Miller ya kafa, daga nan ya wuce King's College ta Ikko, sannan Jami'ar Birmingham a Ingila, inda ya karanci ilmin ɗibbu, ya komo yana ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita. Kirista ne a tsakiyar al'ummar Musulmi, amma da ma'abota ilmin zamani suka fara taruwa a Zariya a 1948 domin shawara a kan maslahar ƙasarsu, suka haɗu da takwarorinsu na Kaduna, har aka yi babban taron 1949 wanda Malam Abubakar Imam da Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur suka halarta, shi aka ɗora a kujerar shugabanci. A ganina wannan adalci ne da ya cancanci a riƙa tuna shi, domin waɗannan malamai amanarsa suka duba da fasaharsa.

Sai dai abin da ya shuka bai girbe shi da hannunsa ba. A watan Oktoba na 1951 ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, dokar Turawa kuwa ta haramta wa ma'aikacin gwamnati siyasa, saboda haka ya sauka, ya zaɓi majinyatansa, ragamar ta koma daga bisani hannun Sardauna Ahmadu Bello. Shekara goma sha shida suka shuɗe kafin Janar Gowon, wanda shi ma a ƙasar Zazzau ya girma, ya kira shi majalisar zartarwa ta tarayya a 1967, ya danƙa masa ma'adinai da lantarki, daga baya sufuri.

Ya rasu a 1977, kuma har gobe mutanen Kaduna, in ciwo ya tsananta, cewa suke a kai mutum Barau Dikko, wato asibitin da aka sa wa sunansa.